Hannun da Bai Yi Zafi Ba

Mijina, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma a duk faɗin Boɗinga ban san wanda ya kai shi raki ba. Mutumin da in ƙaya ta soke shi sai maƙwabta sun leƙo ta katanga suna tambayar wa ya rasu. Malamin firamare ne, kuma Malam nake ce masa har ya bar duniya. A aji kuwa, in ka ga yadda yake zare wa 'ya'yan mutane ido da bulala a hannu, sai ka rantse da zaki ya kwana ɗaki ɗaya.

Zamanin farar hula ne na wancan karon, lokacin da albashin malamai ya ɗauke ƙafa. Wata ya mutu, wani ya kama, shiru. Rediyo kullum sai cewa take a tsuke bakin aljihu, mu kuwa namu aljihun ta ƙasa ya ɓule. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai na kama sana'ar da na tashi na ga uwata tana yi a Danchadi, wato man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. In soya gyaɗa, in kai niƙa, in matse mai har kafaɗata ta yi tsami, sannan in zauna in murza tunkuza siri-siri in jefa a kasko. Ba yabon kai ba, ƙuli-ƙulina har tashar mota ake aikowa a saya. Malam da ɗiyarmu ta fari da ni kaina, duk daga hannuna na dama muke ci, kuma kowa a gidan ya san haka, har shi mai gidan, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Sai kuma Inna, uwar Malam. A Lambara take zaune, can ƙasar Shagari, takan zo mana ta yi kwanaki. Doguwa ce siririya mai jinin Fulani, kuma a wurinta abu biyu ne ke raba mutum da dabba: kunya da juriya. Malam ɗanta ne na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa, ko da yana zaune a gabanta. Ni kuwa ta daɗe da yanke mini hukunci. Da na je haihuwar fari a gidanmu na yi ihun da har masu kasuwa suka ji, labarin kuma ya riga ni isa Lambara. Tun daga ranar, in ta dube ni, na san abin da take gani. Ba ta taɓa zagina ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ranar da abin ya faru Inna tana gidan. Da hantsi ne, na ɗora kasko, mai ya yi zafi har yana hayaƙi. Malam yana zaune a tabarma kusa da murhu, yana ɗaukar masu zafi ɗaya-ɗaya wai yana ɗanɗana gishiri, yana kuma zagin 'yan siyasa kamar yadda ya saba. Ɓarayi ne, maƙaryata ne, shi ko sabulunsu ba zai taɓa ba. Bai rufe baki ba sai ga lasifikar motar kamfen daga bakin titi, ana shelar rabon shinkafa da sabulu.

Wallahi ban taɓa ganin Malam ya tashi da sauri irin na ranar ba. Ya zabura, hannun babbar rigarsa ya saƙale kunnen kasko, kaskon ya karkata.

Mai hankali da baya zai ja. Ni kuwa man na gani, abincinmu na mako yana shirin bin ƙasa, sai na kai hannu na tare. Hannun nan kuma a naɗe yake da wani kallabi mai santsi irin na roba, wanda 'yan kamfen suka raba mana a zuwansu na baya, da shi nake kama kunnen kasko don bai yi mini kyau a ka ba. Mai ya kwararo ya jiƙa shi, kaskon ya danne hannun a kan garwashi, wuta ta kama. Kafin in fizge, kallabin ya narke ya manne da fatata. Na ji wani zafi ya ratsa ni har tsakar kai, na tsoma hannun cikin bokitin wanke-wanke, daga nan sai zafin ya ɗauke ɗif. Kamar an kashe fitila.

Ban ma samu damar mamaki ba, saboda Malam ya riga ya cika gidan. Mai ya fallatsar masa a ƙwauri da bayan ƙafa. Yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana salati, yana kiran uwarsa da babbar murya, abin da bai taɓa yi ba a gabana. Maƙwabta suka shigo a guje. Har layin shinkafar ma ya ragu, don wasu sun ɗauka gobara ce.

Aka kwantar da shi a inuwa, kowa ya zama likita. Wannan ta fasa masa ɗanyen ƙwai, wancan ya matso man goge baki, wani mai gyaran babur ya zo da baƙin mai a gwangwani yana rantsuwa da shi aka yi wa ƙanensa. Ƙwaurin ya yi ja wur. Bayan ƙafar kuwa ya ɗuri ruwa, bororo manya-manya suka taso suna sheƙi. Duk wanda ya taɓa wurin sai Malam ya ƙwala ƙara ya ce a kira masa liman.

Inna tana tsaye daga nesa ta juya masa baya, kunya ta kusa kashe ta. Sai ta hango ni a bakin bokiti. Ta zo ta ɗago hannun, ta kama bakin kallabin da ya narke, ta fara ɓamɓarewa a hankali. Yana fita da fata. Matan da ke wurin suka rufe ido, wata ta ce, "Wayyo Allah!" Ni ina kallo kawai, kamar hannun wata ake yi wa. Bayan hannun da yatsun sun yi fari fat, wani wurin toka-toka, busasshe, da tauri kamar ƙirgi. Babu jini, babu ruwa. Wuyan hannun ne kaɗai ke ɗan yi mini raɗaɗi daga gefe.

Inna ta dube ni ta ce, "Akwai zahi?"

Na ce, "Wallahi Inna babu."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗaga murya yadda duk tsakar gidan zai ji, ta ce, "A hwaɗa ma wancan ya saurara ya ji ɗiyar mutane. Hannunta cikin wuta, ta ce babu zahi. Shi ko ɗan ja-ja ga ƙwabri ya tara muna gari."

Na ce, "Inna, da gaske nake, ba ya yi mini zafi."

Ta ce, "Awo. Haka nan aka cewa."

To ka ji inda aka samu matsala. A wurinmu, in mace ta ce ba ta jin zafi, ba wanda ke ɗauka labari take bayarwa. Tarbiyya ce take nunawa. Duk wadda ta shigo dubiya sai ta tambaye ni, in ce babu zafi, sai ta girgiza kai ta ce kai, wannan ɗiya akwai zurfin ciki. Ina ƙara rantsuwa, darajata tana ƙara hawa. Har aka fara kawo 'yan mata masu shirin aure su gan ni. Ni ma kuma, ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi, don shekara da shekaru ina jiran Inna ta dube ni da irin wannan idon. Kuma a lissafina, da na kowa a unguwar, ƙuna da zafinta ake auna ta. Wadda ta fi sa mutum ihu ita ce babba. Tawa ba ta ce komai ba, ashe ƙarama ce, za ta bushe ta faɗi.

Saboda haka duk wata hidima wurin Malam ta tafi. Akwai gashin zomo, wanda a wurinmu shi ne sarkin maganin ƙuna, ana liƙa shi a kan ciwon. Inna ta sa aka nemo mata ɗan kaɗan da ƙyar. Ta ba maƙwabciyarmu a ɓoye ta ce a sa wa wancan, kada a ce daga wurinta ya fito. Ni kuwa aka shafa mini ragowar man goge baki, aka naɗe da tsumma mai tsabta. Da hannun hagu na riƙa dama masa kunu ina yi masa fifita, yana nishi yana ce mini, "Ke ba za ki gane ba, taki ba ta shiga ba."

Sai dai hannun ya ƙi aiki. Yatsun sun sandare, ko ludayi ba na iya riƙewa, balle murza tunkuza. Kasko ya kife a bayan ɗaki, abinci ya fara gagara. Inna ta ce mu tattara mu bi ta Lambara, akwai sauran gero a rumbu. Muka tafi. A can ma sai da ta zagaya da ni gida-gida, kamar wadda ta sayo sabuwar saniya.

A Lambara ne na fara jin zazzaɓi da yamma, hannun ya kumbura, wani ruwa yana ɓullowa ta cikin tsumman. Akwai wari kuma. Na riƙa ɗaure shi da ganyen darbejiya don kada a ji. Na gaya wa Inna, ta taɓa goshina ta ce canjin ruwa ne. Amma ranar da babban bororon Malam ya fashe, sai ya ce shi fa ƙafarsa ruɓewa za ta yi, a kai shi asibiti ko a haƙa masa kabari. Aka samu akori-kura mai zuwa Shagari. Inna ta ce ita ma tana da sayayya a can, wanda ƙarya ce. Ni kuwa an tafi da ni ne don in riƙe masa takalminsa na ƙafar da ba ta shiga.

Ɗan ƙaramin asibiti ne, nas ɗaya muka tarar, wata gajeruwa mai faɗa da aka turo daga Gusau. Ta wanke ƙafar Malam tana mita a kan gashin zomo da baƙin mai, shi kuma yana ihu yana roƙonta ta ji tsoron Allah. Can sai ta tsaya, ta ɗaga hanci.

Ta ce, "Wannan warin ba daga ƙafar nan yake ba. Ke mai takalmi, me ke hannunki?"

Inna ta riga ni amsawa, da alfahari. Ta ce, "Ƙuna ta, rana guda da ta wancan. Amma ita ko uhum ba ta ce ba."

Nas ɗin ta kwance tsumman. Ta tsura wa hannun ido. Duk faɗan nan nata ya tafi, kuma a nan ne tsoro ya fara kama ni. Ta ɗauko allura ta ce in kau da kai. Ta ce, "Kin ji?" Na ce me zan ji? Na waiwayo, ashe allurar tana tsaye a bayan hannuna. Ta zare, ta ɗan taɓa gefen ciwon Malam da gindin allurar kawai, ya yi tsallen da ya kusa kifar da benci.

Ta ce masa, "Ka gode wa Allah, Malam. Fatarka tana da rai."

Sai ta mai da ƙafarsa allo, ta yi mana darasi. Ta nuna ƙwaurin da ya yi ja, wanda har ya fara saɓa, ta ce wannan ita ce ƙaramar ƙuna, saman fata kawai ta lasa, ko ba a yi mata komai ba za ta warke, tabo ma ba za ta bari ba. Ta nuna bayan ƙafar mai bororo ta ce wannan ta biyu ce, ta shiga ƙasan fata inda jijiyoyin jin zafi suke, ta tone su ta bar su a buɗe, shi ya sa ko iska ta taɓa wurin sai mutum ya ji kamar ransa zai fita. Ta dubi Inna ta ce, "Ihun da yake yi ba ƙarya ba ne, Hajiya. Irin tasa ta fi kowace zafi. Amma in an kiyaye ta da tsabta, za ta warke da kanta."

Sannan ta ɗago hannuna. Ta ce wannan ita ce ta uku. Ta cinye fatar gaba ɗaya har da jijiyoyin, babu wanda ya rage da zai kai wa mai hannun labari. Irin wannan ba ta warkewa da kanta, kuma ba aikin ɗan asibitinta ba ne. Ta ce da a ranar aka yi ta kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba, aka rufe da ƙyalle mai tsabta aka wuce Sakkwato, da wataƙila wani zancen ake yi. Yanzu kam a yi addu'a a tsira da hannun, kuma yau za mu tafi, ba gobe ba.

Inna ta ce, a hankali, "To ai ta ce babu zahi."

Nas ta ce, "Gaskiya ta faɗa muku."

Na zaci Malam zai yi ta cika baki, tunda an wanke shi a gaban uwarsa. Amma ina. Ya karɓi takalminsa daga hannuna, ya cusa ƙafar nan mai ciwo a ciki, ya fita neman mota yana ɗingishi. Har muka isa Sakkwato ban ji ya yi nishi ko sau ɗaya ba, kuma na san hanyar ba ta da kyau.

Zaman asibiti ba zan ja shi ba. Lokaci ne da komai sai ka sayo daga waje, har auduga, kuma tumakin Inna biyu a nan suka tafi. Aka yanke mataccen nama, aka yanko fata daga cinyata aka liƙa. Zafin da ya ƙi zuwa ranar kasko, a nan ya zo da 'yan'uwansa duka. Duk da haka na riƙa cije zani, don Inna tana zaune a gefen gado, kuma mutum ba ya son ya zubar da sarautar da ya samu da wuya. An tsira da hannun, amma ba duka ba. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun tafi. Ukun da suka rage sun lanƙwashe ciki, har yau haka suke, kamar ina riƙe da wani abu da na ƙi nuna wa kowa.

Ban sake murza tunkuza ba. Malam ne ya koya, a ɗaki, da ƙofa a rufe, bayan ya sa na yi rantsuwa ba zan gaya wa kowa ba. Ƙuli-ƙulinsa karkatattu ne masu kauri, 'yan tasha suka yi ta cewa hannuna ya lalace. Ni kuwa na koyi komai da hagu, cin abinci, miƙa kaya, har wannan rubutun. Na sha harara daga baƙin da ba su sani ba, wani tsoho ma ya taɓa yi mini wa'azi a mota kan ci da hagu, sai na zaro na daman daga mayafi na ajiye masa a gwiwa. Bai ƙarasa wa'azin ba. Malam dai bai fasa hali ba. Har ya tsufa, in an yi baƙi, sai ya naɗe wando ya nemo ɗan tabonsa da ƙyar ya nuna musu.

Inna ba ta taɓa ce mini yi haƙuri ba. Ba irinsu ba ne. Ta dai daina zagayawa da ni gidajen mutane, kuma in ta ji wata tana ba da labarin juriyata, sai ta tashi ta bar wurin.

Bayan sojoji sun karɓi mulki na samu ciki na biyu. Wannan karon a ɗakina zan haihu, Inna ta zo daga Lambara tun da sauran lokaci. Naƙuda ta kama ni da rana tsaka, ungozoma ta shigo, aka sauke labule. Na durƙusa, na tura bakin zani a baki, na yi niyyar ko mutuwa zan yi ba za a ji muryata ba. Ciwo ya taso, na cije. Ya sake tasowa, na cije.

Sai na ji an fizge zanin daga bakina. Inna ce. Ta durƙusa a gabana, ta kama hannun nan nawa na dama, wanda ni kaina ba na son kallonsa, ta riƙe da hannayenta biyu.

Ta ce, "Akwai zahi?"

Na ce, "Akwai, Inna."

Ta ce, "To yi kuwwa. Yi in ji."

Na dube ta, don na zaci gwada ni take yi. Idonta ya cika da hawaye, abin da ko ranar rasuwar mijinta an ce ba a gani ba. Ta girgiza hannun ta ce, "Na ce ki yi kuwwa, ɗiyag ga! Kada ki sake yi mini shiru cikin gidan ga."

Na buɗe baki na yi. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, sun ɗauka Malam ne ya taka ƙaya.